Ruwan Wankan Amm Zubair

Duk wanda ya taɓa zama a layin bayan kasuwar kayan miya a unguwar Faisal ta Alƙahira ya san Amm Zubair, maigadin benen nan mai hawa tara, wanda ke lasar ƙasa. Ba ƙage nake masa ba. In tifa ta juye yashi a bakin sabon gini, za ka ga dattijon ya taso daga bencinsa, jallabiya na sharar titi, ya tsuguna, ya ɗebi kaɗan da yatsu uku ya ɗora a harshe. Sai ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi, ya tofar, ya ce, "Mataccen yashi ne. Bai taɓa ganin ruwa ba." Direban tifa bai tambaye shi ba, magina ma ba su tambaye shi ba, amma sai ya bi su ɗaya ɗaya ya gaya musu.

Sunansa na yanka Zubairu. Misirawa ne suka gutsure shi suka liƙa masa Amm, wato baba. Bahaushen Sudan ne, daga wani ƙauye a gefen Gadarif. Kakansa ya baro Damagaram a ƙafa da niyyar Hajji, yana tafe yana haƙa wa mutane rijiya don ya sami guzuri, ya shekara arba'in a hanya, ya bar rijiyoyi talatin da ɗaya, bai ga Makka ba. Jikan ma bai yar da gado ba. Ya zo Alƙahira a kan zai yi wata uku, ga shi yana cikin shekara ta ashirin da shida.

Gidansu suna da al'adu biyu, kuma duk wanda ya zauna minti biyar a bencin nan ya haddace su. Ta farko, namiji a gidansu in ya rasu, da ruwan rijiyar da ya haƙa da hannunsa ake masa wanka. Haka aka yi wa kakan, haka aka yi wa uban. Ta biyu, ranar da mai haƙa ya iske idon ruwa, yakan damƙi yashin wurin cikin tafi ɗaya ya ɓoye, ba ya nuna wa kowa, ba ya faɗin a gaba nawa ya same shi. Ubansa yakan ce, "Abin da ka gani a gindin rijiya, ka bar shi a gindin rijiya." Ba camfi ba ne. In ka faɗa, gobe wani ya zo ya haƙa tasa a gefen taka ya janye maka ruwa.

Abin da Zubairu ba ya faɗa a benci shi ne, har ya baro Sudan bai taɓa haƙa rijiya tasa ta kansa ba. Kwando yake ja wa ubansa. Wannan kuwa matarsa Mahasin ce ke ƙarasa wa baƙi labarin, daga cikin ɗakinsu na ƙarƙashin matakala, ba tare da ta leƙo ba.

"Abu Amani," haka take kiransa, wato baban Amani, "ka gaya musu kai ne mai jan kwando?"

"Hajiya, da maza nake magana."

"To mazan ma ai suna son gaskiya."

Sai ga ɗan masu rijiya ya faɗo garin da kogi ke bin bututu har ɗakin kwana. Aikinsa na ruwa ɗaya ne tak. Akwai injin da ke tura ruwa zuwa hawa na sama, in ya tsaya sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Ya Amm Zubair, el-motor," shi kuma ya je ya danna maɓalli. Ya tsani ruwan famfo tsana mai tsanani. Yakan ce ruwa ne da bai san ubansa ba, ya bi ta ƙasashe goma, kowa ya wanke ƙafa a ciki, an zuba masa magani, an ce a sha. Amma a ƙasan wannan cika baki akwai tsoro na gaske. Ya haura hamsin, ba shi da rijiya. In ya faɗi yau, da ruwan nan marar uba za a wanke shi, shi kaɗai a duk zuriyarsu.

Fadl ne ya fid da shi. Wannan Fadl ɗan garinsu ne, tare suka yi kiwo suna yara, yanzu yana riƙe da wata 'yar gona a bakin hamada, bayan Giza, inda mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ke juyawa don babu sauran fasinja. Lemun tsami ne da zaitun da awaki takwas, kuma ruwa sai an kawo a tanka. Wata Juma'a Zubairu ya kai masa ziyara, ya zaga, ya lashi nan, ya lashi can, ya tsaya a wani kwari inda wata ciyawa ta ƙi mutuwa, ya ce a nan ne.

Fadl ya ce, "Ya zol, mutumina, nan hamada ce. Maƙwabcina ya kira masu inji, sun huda ƙasa har sun gaji, zartsi suka samo."

"Sun wuce shi ne. Inji ba shi da harshe."

To a nan dai dole in ba shi haƙƙinsa, ko da yake ba na so. Mutumin ya san aikin. Wata bakwai yana zuwa duk Juma'a da dagi da kwando, Fadl na ja, shi yana ƙasa. Ya wuce rairayi, ya wuce tsakuwa, ya wuce wani dutse mai ɓarɓashi, a gaba tara ya iske farin yashi mai sanyi, ya danna ƙafa ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunsa. A nan ya tsaya, bai ƙara ko taki ɗaya ba, don ya san me ke ƙasa. Yadda yake bayani, ruwan ƙasa ba tafki ba ne a ɓoye. Yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi, kamar ruwa a cikin jiƙaƙƙen gero. A ƙarƙashin yashin akwai shimfiɗar yumɓu, ita ce gindin tukunyar. A ƙarƙashin yumɓun kuma zartsi ne, ruwan gishiri da ko jaki ba ya sha. Ka bar yumɓun lafiya, ka sha ruwan daɗi har jikokinka. Ka huda shi, khalas, tukunya ta fashe.

Ranar da ya fito daga ramin kuka ya yi, kukan gaske, da majina. Ya dawo gida ya kama hannun Mahasin ya ce, "Hajiya, in na riga ki, jarka biyu sun isa. Ki aika wurin Fadl. Kada ki bari ɗigon famfo ya taɓa ni." Ita ma, da bakinta da komai, sai da gari ya waye ta ce ya wanke jallabiyar da kansa. Daga nan duk Juma'a Fadl ke aiko masa da jarka ɗaya, ita yake sha, da ita ake masa shayi.

Al'ada ta farko ta samu ke nan. Ta biyu ce ta gagara. Ya damƙo yashin idon kamar yadda aka koya masa, ya zuba a kwalbar zuma, ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Kwana huɗu kwalbar ta yi a can. A na biyar ta koma kan taga, a na goma ta fito benci. Mai gyaran takalma ya gani, mai sayar da gas ya gani, ɗaliban Najeriya da ke zuwa daga unguwar Hay el-Sabi' cin tuwon Mahasin sun gani har sun gaji. Wurin dai bai faɗa ba, yana cewa sirrin gida ne, alhali duk layin sun san yana hawa mikrobas mai zuwa ƙarshen hanya ne ranar Juma'a. Shekara goma sha ɗaya ana haka ba abin da ya faru, don babu wanda ya damu.

Sai injiniya Husam ya kama haya a hawa na shida. Mutum ne mai fara'a, mai gaisuwa, yana aiki da wani kamfanin tonon yashi. Wata safiya yana jiran motarsa, Zubairu ya tare shi da kwalbar kamar yadda yake tare kowa. Kowa yakan ce "Masha Allah" ya wuce. Husam bai wuce ba. Ya zuba kaɗan a tafinsa, ya murza, ya zaro wani ɗan madubi daga aljihu ya kafa ido, ya daɗe.

"Amm Zubair, ka san abin da ke hannunka?"

Shekara goma sha ɗaya Zubairu na jiran wani ya yi masa wannan tambayar.

Husam ya zauna a bencin, da wandonsa mai guga, ya yi bayani. Akwai man fetur da ke maƙale a cikin dutse, ba ya fitowa. Sai a tura ruwa da ƙarfi a tsattsaga dutsen, a tura yashi tare da ruwan. In ruwan ya janye, ƙwayoyin yashin su tokare tsagar kada ta rufe, man ya sami hanya. Amma ba kowane yashi ba. Sai mai tauri, mai ƙwaya mulmulalliya, duk girmansu ɗaya, yadda za a sami 'yan ƙofofi a tsakaninsu. Irinsa wuya gare shi, har daga waje ake sayowa.

Zubairu ya buga cinya. "Ai shi ne yashin ruwa. Ƙofofin nan da kake faɗa, nan ruwa ke kwana. Ku sai da madubi, ni da harshe na sani."

"Wallahi kai ne bashmuhandis, ba ni ba," in ji Husam.

Bashmuhandis, wato babban injiniya. Mutumin da shekara ashirin da shida ake aikensa sayen burodi. Mahasin da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta yi gyaran murya har sau uku, ta ce, "Abu Amani, shayinka zai huce." Ba shayi a kan wuta, shi ma ya sani. Ya ɗaga mata hannu. Kafin motar Husam ta iso ya faɗi gaba tara, ya faɗi kaurin yashin, ya faɗi ta inda ya kwanta, daga kwarin Fadl ya miƙe gabas har gindin tudu. Juma'ar da ta biyo ba mikrobas ya hau ba. Gidan gaba ya zauna a motar kamfani, da sanyin na'ura, yana nuna hanya da yatsa.

Da ya dawo Mahasin ta ce, "Me ubanka ya ce a kan gindin rijiya?"

"Baba yana nufin masu haƙa rijiya. Waɗannan ba ruwa suke nema ba, yashi suke nema."

"Ruwan a ina ka ce yake kwana?"

Ya ce mata ba su fahimtar ilimi.

Kamfani ya karɓi filin gabas da gonar Fadl, da takardunsa cif. Suka ba Zubairu kyautar hular kwano fara, da 'yar riga mai ƙyalli. Hular nan ta ga duniya. Da ita yake share matakala, da ita yake zuwa sayen burodi, sai a ƙofar masallaci yake cire ta, shi ma da ƙyar. Ya daina amsa Amm Zubair a kiran farko. Mai gyaran takalma ya fara ce masa bashmuhandis don tsokana, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya aika masa da shayi.

Can kuma katafila ta fara aiki. Suka kwashe saman ƙasa, suka iske farin yashin daidai inda ya ce, abin da ya ƙara masa girman kai. Amma yashin sai an wanke shi kafin ya yi kuɗi, wanki kuwa sai da ruwa, don haka suka huda burtsatse uku suna zuƙa dare da rana. Ramin ya yi ta faɗi yana zurfi. Farar ƙura ta rufe ganyen lemun Fadl, awakinsa suka kama tari, shi ma ya kama. Duk jarkar da ya aiko sai ya haɗo da saƙo: igiyar guga ta gaza, na ƙara mata gaba guda. Bayan wata biyu: na sake ƙarawa. Zubairu ya ce bazara ce, kowace rijiya tana ja da bazara. A watan sanyi ya faɗi wannan.

Wata Juma'a da hantsi Fadl ya zo da kansa, ba jarka, sai 'yar gora a hannu. Bai zauna ba. Ya miƙa masa a gaban mai gyaran takalma da mai gas.

"Ya Zubairu, kai ne mai harshe. Gaya mana."

Zubairu ya kurɓa, ya ji gishiri. Ni dai ban taɓa ganin fuska ta yi aiki irin na ranar ba. Ya juya ruwan a baki, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Gorar ce. An taɓa zuba tsami a ciki."

"Sabuwa ce. Yanzu na saya na zubar da ruwanta."

"To hannunka ne."

Fadl ya dube shi, ya yi tari, ya ce, "Tamam, shi ke nan," ya juya ya tafi. Abota ta shekara sittin, bai ko shiga ya gai da Mahasin ba.

Sati biyu Zubairu ya yi yana kewaye-kewaye kafin ya hau mikrobas. Ya tarar da gonar fara fat kamar an yi mata ruwan gari. Ya wuce bakin ramin kamfani ya leƙa. Filin ƙwallo huɗu za su shiga ciki. A ƙasa ga wani koren ruwa kwance, gefensa ya yi ɓawon gishiri, ga kuma haƙoran katafila a jikin yumɓu, sun yanka shi sun wuce. Bai buƙaci lasa ba. Ya cire hular ya riƙe a hannu.

Ya ce Fadl ya zura shi rijiyar. Fadl ya ce gwiwoyinka, Zubairu ya ce zura ni. Ya sauka gaba tara yana nishi. Babu ruwa, ko zartsin ma ya tafi. Ya durƙusa ya tona da hannu har gwiwar hannu, yashin a bushe, da ɗumi. Ya daɗe a ƙasa har Fadl ya girgiza igiya. Da ya fito Fadl ya ce me ka gani, Zubairu ya kwance igiyar ya miƙa masa. A karo na farko a rayuwarsa ya bar abin da ya gani a gindin rijiya, lokacin da ba sauran mai son ji.

Ya hau hawa na shida da ƙafa, bai jira lif ba. Husam ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kujera, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, har sau biyar, kuma da alama har zuciyarsa. Ya ce kamfani zai riƙa aika wa Fadl tankar ruwa. Ya ce in Amm Zubair yana so, za su huda sabuwar rijiya da inji cikin kwana uku, su sa allo da sunansa.

"Da hannuna ake so," in ji Zubairu.

"To ka riƙe maɓallin ka danna, ya bashmuhandis."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Zubairu ya ajiye hular a kan teburin ya sauko. Shekararsa sittin da huɗu, gwiwa ta tafi, kuma ko da gwiwar, kwarin da ya sani ya mutu. Gadarif kuwa, da yaƙin da ake yi, ba ta komuwa, kuma can ɗin ma kwando ya ja.

Kwana uku ba ya cin kirki. A na huɗu dabara ta zo masa, don mutumin ba ya rasa dabara. Ya tura a kira masa Malam Ja'afar, wani Bakano da ya zo karatu tun gemunsa na baƙi, yanzu ya yi furfura bai gama rubuta kundinsa ba. Aka ci tuwo aka wanke hannu, Zubairu ya ɗauko kwalbar ya ajiye a tsakiya.

"Malam, in ba ruwa, ai ana yi wa mamaci taimama?"

"Na'am, iza fuƙidal ma'u. In an rasa ruwa."

"To ni na rasa nawa. Wannan yashin rijiyata ne, daga idonta. In na rasu a yi mini da shi."

Malam Ja'afar ya shafa gemu. Ya janyo Malikiyya, ya janyo Shafi'iyya, ya leƙa wurin Hanafawa ko da rangwame, ya kawo sharaɗi bakwai da Larabci. Mutum ne mai tausayi, ya so ya sami ƙofa. A ƙarshe ya dubi famfon da ke gindin matakala, wanda ke ɗiga tun bara ba a gyara ba.

"Baba, ga ruwa nan. In da ruwa, taimama ta ɓaci."

"Wannan ai ba ruwana ba ne."

"Shari'a ba ta tambayi ruwan wa ba."

Bayan malamin ya tafi, Zubairu ya zauna da kwalbar a cinya. Mahasin ta fito ta kwashe kwanuka. Duk layin sun san bakin Mahasin, kuma ta sami abin faɗa na shekara guda. Sai ta ajiye kwanukan. Ta zauna a ƙarshen bencin, inda ba ta taɓa zama ba.

"Da na sani na ɗebi jarka biyu na ajiye," in ji ta.

"Da sun yi tsutsa."

Daga hawa na takwas wata mata ta leƙo. "Ya Amm Zubair, el-motor."

Ya tashi a kiran farko. Ya danna maɓallin, injin ya yi gurnani, bututu suka ɗauka. Bai koma benci ba. Ya tsaya a gaban famfon mai ɗiga, ya murɗa, ya tara tafi, ya kai baki. Ya lumshe ido yadda ya saba, ya juya ruwan, bai tofar ba.

Mahasin ta ce, "Yaya, Abu Amani?"

Ya goge hannu a jallabiya.

"Da sanyi," ya ce. "In ranar ta zo, ki ce su ɗan ɗumama shi."